Bita daban, aji daban

Ni malamin lissafi ne a wata sakandaren gwamnati a nan cikin Gombe, kuma bitar da na halarta tun da na fara aiki wallahi ban san adadinta ba. Kusan duk kala ɗaya ne, a tara mu a babban ɗaki kwana uku, a kunna majigi, a ce mu raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni mutum biyar, malami ya riƙa zagayawa yana jin me suke cewa. Abu mai kyau, ban musa ba. Sai dai ajina na SS2 yara sun haura tamanin, wasu a taga suke zama, ta ina zan bi in zagaya? Na taɓa tambayar wani mai ba da bitar, ya yi murmushi ya ce "Malam, sai dabara". Shikenan aka kawo shinkafa da lemo, aka sa hannu a takardar alawus, kowa ya kama gabansa.

Inda na ƙaru da gaske shi ne shekarar da na fara zuwa makin ɗin WAEC. Kafin a ba ka takardun yara sai an zaunar da ku an bi tsarin ba da maki layi-layi, a nan na ga M1 da A1, wato makin hanyar da ka bi daban, makin amsar ƙarshe daban. Yaro zai iya kuskure a ƙarshe amma ya kwashi makin hanya, wani kuma ya rubuta amsa daidai tsurarta babu aiki ya tashi a tutar babu. Na dawo ina jin kunyar kaina, don shekara da shekaru ina barin yara suna yin aiki a bayan littafi su kawo min amsa kawai. Yanzu ko amsarka daidai ce in ban ga aiki ba, jan biro ne.

Amma jarabawar nan tana cin mu fa. Daga zango na biyu na SS3 babu sauran koyarwa, sai fas kwescin, wato tambayoyin jarabawar shekarun baya, safe da yamma, don kowa kiredit biyar yake nema har da Turanci da lissafi, C6 ma ta wadatar, kuma da sakamakon ake auna malami. Ga JAMB da ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, yaron da bai taɓa riƙe linzami ba sai ranar.

Akwai wata yarinya da ba na mantawa. Kullum F9 take ci a gwajin da nake musu, na ɗauka kanta ne ba ya ja. Wata rana na karanta mata tambayar riba da faɗuwa da Hausa, na ce ɗan kasuwa ya sayi buhun masara kaza ya sayar kaza, kafin in rufe baki ta ba ni amsa, da ka, ko biro ba ta ɗauka ba. Ashe tana taya mahaifiyarta sayar da ƙosai tun tana ƙarama. Turancin tambayar ne ba ta iya karantawa, kuma tun firamare aka taho da ita a haka ana ta ciyar da ita gaba.

Tun daga nan minti goma na farkon darasina karatu ne, a karanta tambaya da ƙarfi, a faɗi me ake nema da Hausa, sannan a taɓa alli. Malamin Turanci yana min tsiya wai na ƙwace masa aiki, na ce ya zo ya karɓi abinsa.