Daga Bariyata zuwa Darba, a sawun Bulus da Barnaba

Tafiyar bishara ta farko da Bulus da Barnaba suka yi, wajen shekara ta 46 zuwa 48 bayan haihuwar Almasihu, tana cikin Ayyukan Manzanni sura 13 da 14. Ɓangaren da ke ƙasar Turkiyya ta yau na bi, daga gaɓar teku zuwa tsaunuka. Kafin ka yanki tikiti, ka san Antakiya biyu ce. Wadda ikkilisiyarta ta aike su ita ce Antakya ta lardin Hatay, da girgizar ƙasa ta ragargaza a Fabrairun 2023. Antakiya ta Bisidiya kuwa kango ne a gefen garin Yalvaç, a lardin Isparta. Ka ce wa mai sayar da tikiti "Antakiya" kawai, sai ka wayi gari a wani yanki dabam.

Daga Antalya na tashi. Bariyata, wadda yanzu ake kira Perge, ba ta kai kilomita 20 daga birnin ba. Ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari yana kaiwa Aksu, saura a ƙarasa da ƙafa ko da tasi. A je da sassafe, don da bazara zafin bakin teku mai ɗanshi ne, inuwa kuma ƙalilan ce a kangon. Babban titin nan mai ginshiƙai yana nan, da magudanar ruwa a tsakiyarsa. A nan Yahaya Markus, mataimakinsu a tafiyar, ya rabu da Bulus da Barnaba ya koma Urushalima. Littafin bai faɗi dalili ba, amma wanda ya tsaya a Bariyata ya ɗaga kai ya ga tsaunukan Taurus sun tare arewa gaba ɗaya, ba zai yi saurin zagin saurayin ba. Masani William Ramsay yana ganin zazzaɓin cizon sauro ne ya kama Bulus a wannan kwari, shi ya sa suka haura tudu, yana haɗa wannan da Galatiyawa 4:13. Hasashe ne, amma yanayin wurin bai ƙaryata shi ba.

Akwai hanyar ƙafa mai suna St Paul Trail, kimanin kilomita 500, an shafa wa duwatsu ja da fari don nuna hanya, tana cin kusan wata guda. Ni mota na shiga zuwa Isparta, na canja wata ta bi gefen tafkin Eğirdir zuwa Yalvaç. Mai niyyar takawa ya zaɓi watan Mayu ko Oktoba, ya ɗauki ruwa isasshe, ya kuma kiyayi karnukan makiyaya. Manya ne sosai. Kada ka ratsa tsakiyar garke, kada ka ruga, tsaya ka kira makiyayin.

Antakiya ta Bisidiya ta haura mita 1,000 a kan tudu, dare da sanyi ko da bazara. Sansanin tsofaffin sojojin Roma ne, kuma hanyar Via Sebaste da aka shimfiɗa shekara 6 kafin haihuwar Almasihu ta haɗa ta da garuruwan gabas. Tsarin manzannin ke nan: su bi titin gwamnati, su sauka a babban gari, ran Asabar su shiga majami'ar Yahudawa inda ake ba baƙo damar magana, in an kore su su juya ga al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba. Na tsaya a harsashin babban cocin da ake kira da sunan Bulus. A daɓensa aka sami sunan Bishop Optimus, wanda ya halarci babban taron shugabannin ikkilisiya na Kustantiniya a 381. Wato ginin ya zo bayan Bulus da shekara 300 da ɗoriya. Masu bi na farko a gidajen juna suke taruwa, don haka duk wanda ya nuna maka bango ya ce Bulus ne ya gina, kada ka yarda.

Ikoniya ita ce Konya, babban birni ya hau kan tsohon garin ya rufe shi. Amfaninta ga matafiyi shi ne gidan tarihinta, inda aka ajiye dutsen da ke ɗauke da sunan Listira, wanda masani Sterrett ya gano a 1885. Listira kanta tudu ne kusa da ƙauyen Hatunsaray, kilomita 30 da 'yan kai kudu da Konya. Ba ƙofa, ba mai gadi, gonaki ne kewaye, a ƙasa kuma sai fasassun tukwane birjik. A gani a bari, doka ta hana ɗauka. Ka yi ciniki da mai tasi na zuwa da dawowa tun daga Konya, da kuɗin lira a hannu, in ba haka ba za ka yini a bakin titi. A Listiran nan aka kawo bijimai za a yi wa Bulus da Barnaba hadaya a zaton alloli ne, a nan kuma aka jejjefi Bulus aka ja shi bayan gari a zaton ya mutu.

Washegari ya kama hanyar Darba, tafiyar kusan kilomita 100, da jiki duk rauni. Ni jirgin ƙasa na hau zuwa Karaman, na ɗauki tasi zuwa tudun Kerti Höyük, wanda masani Michael Ballance ya tabbatar shi ne Darba ta wani rubutun dutse a 1956.

A kan tudun nan abin ya fi taɓa ni. Gabas akwai hanyar da ke ratsa mashigin Kilikiya zuwa Tarsus, garin Bulus, daga can gida ya yi kusa. Ba su bi ta ba. Suka juya suka koma Listira, da Ikoniya, da Antakiya ta Bisidiya, garuruwan da aka kore su, suna ƙarfafa almajirai, suna naɗa dattawa a kowace ikkilisiya da addu'a da azumi, sannan suka gangara Bariyata suka shiga jirgi a Ataliya, wato Antalya ta yau. A ganina wannan komowar ce ta kafa ikkilisiyoyin, domin taron da ba shi da shugabanni 'yan gari da wuya ya wuce tsanani na farko. Da Bulus ya sake zuwa tare da Sila, ta mashigin Kilikiya wannan karon, ya tarar da 'yan'uwa a Listira da Ikoniya suna yaba wani saurayi mai suna Timoti, ya tafi da shi.