Ranar da Na Ce Hauhawar Farashi Ta Ragu

Aikina a wani gidan rediyo a Kano shi ne in ɗauko rahotannin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, masu zuwa da Turanci da tulin jadawali, in mayar da su maganar da mai shayi da uwargida a tsakar gida za su gane. Na daɗe ina yi, har na fara jin kaina gwani. Watan Fabrairun 2025 ne ya sauke min wannan girman kan.

Rahoton Janairu ya fito ana dab da labaran rana. Na leƙa shafin farko: hauhawar farashi kashi 24.48 cikin ɗari, alhali ta Disamba 34.80 ce. Ban ƙara gaba ba, na rubuta cewa hauhawar farashi ta ragu ƙwarai, aka karanta. Da yamma muka buɗe layin waya, sai ga wani dattijo daga wajen Dawanau. Bayan sallama ya ce, "Ɗan nan, don Allah wace kasuwa kuke zuwa? Faɗa min ni ma in je can." Na fara inda-inda, na ce, "Baba, ai alƙaluman gwamnati ne." Ya ce, "To alƙaluman su zo su auna min kwanon gero." Ya kashe wayarsa.

Da gaskiyarsa, kuma laifin nawa ne har hawa biyu. A kunnen Bahaushe, "ta ragu" na nufin kaya sun sauka. Abin da ke raguwa a irin wannan lissafi kuwa saurin hawan ne. Motar da ta rage gudu ai gaba take ci har yanzu. Kashi 24 da ɗoriya yana nufin abin da ka saya naira 1,000 a Janairun 2024, a Janairun 2025 sai ka ba da kusan 1,245.

Na biyun ya fi ba ni kunya, domin ma'aunin ma aka canza. Hukumar ta mayar da shekarar da take kwatanci da ita daga 2009 zuwa 2024, ta kuma faɗaɗa kayan da take bibiyar farashinsu daga 740 zuwa 934. Jera 34 da 24 kafaɗa da kafaɗa kamar ka auna hatsi jiya da wani kwano, yau da wani, sannan ka ce buhu ya ragu. Duk an yi wannan bayani, ni ne gaggawa ta hana ni karantawa.

Abin haushi, ba ranar na fara ganin irin haka ba. Rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 a ƙarshen 2020, sai ga rahoton farkon 2023 ya ce 4.1. Mutane suka yi ta tsaki, wasu na cewa ƙarya ce tsagwaronta. Ba ƙarya ba ce. A sabon tsari, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk wanda ya yi aikin neman kuɗi ko na awa ɗaya cikin kwana bakwai ana lissafa shi mai aiki. Ke nan mai digiri da ke tura baro ranar Lahadi ya shiga sahu. A ganina lambar ba ta nuna wahalar da ake sha, amma kafin mutum ya soke ta, ya fara sanin me ta auna.

Yanzu daga baya nake fara karanta rahoto, inda ake bayanin yadda aka tattara bayanai da abin da aka sauya, kafin in waiwayi babbar lambar. Ɗigo kaza kuma na daina damun mutane da shi. Rahoton talauci na 2022 ya ce mutum miliyan 133, kashi 63 na 'yan ƙasa, suna cikin talauci. Ni sai in ce cikin kowane mutum goma, shida da ɗoriya, in ƙara da cewa ba kuɗin aljihu aka duba ba, abubuwa ne irin su makaranta, asibiti, ruwan sha da abin da ake girki da shi. In na gama rubutu nakan karanta wa mai gadinmu. Idan ya ce "Wato me ke nan, Malam?" to da sauran aiki.

Mako guda bayan kiran dattijon nan na nemi afuwa a shirin, na kawo misalin mota. Dattijon Dawanau bai sake kira ba. Wata mata ce daga Kurna ta bugo, ta ce ta gane, amma yaushe motar za ta tsaya? Na ce, "Hajiya, sai ranar da kika ji na ce sifili." Ta yi dariya ta ce Allah Ya nuna mana.