Sandar giya mai lilo, da abin da ya raba ni da garejin

Ƙarshen watan jiya na ajiye aiki a garejin, kuma tun da masu tambayar dalili sun yi yawa, gara in rubuta sau ɗaya in huta. Ba faɗa muka yi da Oga ba, ban kuma tafi da sufanar kowa ba. Waɗanda muka sha zaman rami tare sun san abin ya daɗe yana cina, sun kuma san daga kan motar da ya faro: tsohuwar Volkswagen Beetle ɗin nan ruwan toka, ta dattijon da ke kawo ta da kansa ya zauna a benci har a gama.

Kukansa ɗaya ne, sandar giya. In ka kama ta lilo take yi kamar haƙorin da ya kusa fita. Ko ka sa lamba biyu tana yawo dama da hagu, har ka rasa ko tana cikin giya ko tana firi. Sai ka lalubi lamba ɗaya ka faɗa uku. A kan hanya kuma akwai ƙarar ƙarfe na bugun ƙarfe daga ƙasan tsakiyar motar. Amma in giyar ta shiga, ta shiga. Ba gurzawa, ba ta tsalle ta fita da kanta, kulochi kuma yana saki yadda ya kamata. Wannan kaɗai ya isa ya gaya wa duk bakaniken da ya tsaya ya saurara cewa cutar ba a cikin giyabos take ba.

Ga wanda bai taɓa shiga ƙarƙashin irin wannan mota ba, inji da giyabos duk a baya suke, sandar giya kuma tana gaba kusa da direba. Abin da ya haɗa su wani dogon ƙarfe ne da ya bi ta cikin ramin tsakiyar shasi. Can gaba, dab da bayan sandar, ƙarfen yana ratsa wani ɗan bushin na roba mai tauri wanda ke zaune a cikin marataya. Can baya, ƙarƙashin kujerar baya, akwai murfi ƙarami, in ka ɗaga shi za ka ga mahaɗin da ya ɗaure dogon ƙarfen da bakin giyabos, shi ma da robobinsa. Waɗannan biyun su ne ke cinyewa. Bushin ɗin in ya shekara da yawa bushewa yake ya farfashe ya zube cikin ramin, ƙarfe ya koma kwance a kan ƙarfe. Kuma saboda sandar ta fi tsawo a sama da ƙasa, ɗan wasan da bai kai kaurin farce ba a gindi, kafin ya iso tafin hannun direba ya zama lilo.

Na ɗaga kujerar baya, na sa wani yaro ya riƙa kaɗa sandar ina kallon mahaɗin. Sandar na tafiya, bakin giyabos ko motsi. Robobin mahaɗin sun zama gari. Na kwance kusoshi biyun da ke riƙe sandar, na leƙa da tocila, babu bushin, sai ɓurɓushinsa. Na je na samu Oga, dattijon na zaune yana ji, na ce, “Oga, bushin ne da mahaɗi. Ba sai mun sauke komai ba.”

Ko kallona bai yi ba. Cewa ya yi, “Kai yaro, yaushe ka fara riƙe sufana? Sinkiro ne suka tafi. A sauke giyabos.” Sannan ya juya ga mai motar yana dariya, “Baba, yi haƙuri, yaran yanzu in sun kalli bidiyo biyu a waya sai su ɗauka sun gama koyo.” Sauran yara suka yi dariya, domin in Oga ya yi dariya a garejin nan kowa yi yake.

Sinkiro, wato zoben cikin giyabos da ke daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga, in ya cinye ba lilo yake kawowa ba. Gurzawa yake kawowa lokacin da kake shiga giya, kuma a irin waɗannan motoci yawanci lamba biyu ce ke fara kuka. Beetle tun daga ƙirar 1961 duk giyoyinta huɗu na gaba suna da sinkiro, wannan kuwa babu wadda ke gurzawa a cikinsu. Oga ya san haka. Ya riga ni shiga sana'ar da shekaru masu yawa, kuma hannunsa a kan kabureta har gobe ban ga kamarsa ba. Abin da ba zai iya ba shi ne a ce yaron shago ya faɗi cuta a gaban kwastoma ya kuma zama daidai. Akwai kuma ɗaya dalilin da kowa ya sani ba a faɗa: aikin bushin ba ya cika aljihu kamar sauke giyabos.

Aka sauke. A Beetle ba a cire giyabos sai an fara sauke inji, sannan a bi ƙafafun baya, da babban notin nan mai lamba 36 da sai an sa dogon bututu a kan sufana mutum ya hau kai. Ni aka sa a ramin. Mota ce da ta haura shekara hamsin, duk abin da ka taɓa yana da hujjar karyewa. Kusoshi biyu na salansa suka tsinke saboda tsatsa. Robar da ke rufe bakin aksul ɗaya, wadda take zaune lafiya tun da ba a taɓa ta ba, ta yage. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Da aka buɗe giyabos ɗin, haƙora lafiya, zobban sinkiro da sauran kwanansu, man ma ba ɓurɓushin ƙarfe a cikinsa. Oga ya juya su a hannu ya ce, “Gara da muka duba.” Aka mayar, aka ɗora inji, aka tayar. Ya kama sanda, tana lilo yadda ta zo.

Da yamma bayan yara sun watse ya kira ni gefe, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, “Je ka sa wancan abin da ka ce.”

Aikin ba shi da wahala, haƙuri yake so. Kayan ma ba a rasa su, mota ce da aka ƙera fiye da miliyan 21 kafin a tsayar da ita a Meziko a 2003, har yanzu ana buga robobinta. Ka cire sanda da sifirin ɗinta da farantin da ke ƙasanta, ka lura da yadda farantin yake kwance kafin ka ɗaga. Ka saki mahaɗin baya. Ka fitar da safaya, ka buɗe ƙananan murafan da ke gaban ramin, sannan ka riƙa tura dogon ƙarfen gaba kaɗan-kaɗan da filaya ta ƙofar sandar, domin hannu ba ya shiga. Ka goge tsatsar jikinsa sosai, in ba haka ba shi zai cinye sabon bushin ɗin. Sai ka sa bushin da zobensa a cikin marataya da yatsu biyu, kana lalube ba ka gani, kuma in ya suɓuce ya faɗa ramin sai ka yi ta kamun kifi da waya. Giris a jikin ƙarfen, a mayar da shi a hankali kada ya ture bushin ɗin daga mazauninsa. Farantin nan kuwa fuska ɗaya yake da ita. Shi ke hana ribas shiga sai an danna sandar ƙasa, kuma in ka juya shi, ko ka ɗaure shi a karkace, direba zai nemi lamba biyu ya ji ribas na gurza.

Na gama, na zauna a kujerar direba na bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya. Kowace na shiga da ɗan ƙas ɗinta, sandar tsaye cak. Ba zan ɓoye ba, na daɗe ina maimaitawa ni kaɗai a garejin.

Washegari dattijon ya zo. Oga ya kama hannunsa ya ɗora a kan sandar, ya ce, “Baba, ka ji aikin giyabos.” Da dattijon ya tambayi dalilin jinkiri da ɗigon man da ya gani a ƙasa, sai aka nuno ni: yaron nan ne ya yaga roba, ya kuma karya kusoshi, amma an yi masa faɗa. Aka kuma cire kuɗin robar daga sallamata ta mako. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dattijon ya dube ni ya ce, “Ɗana, a riƙa kula.” Na ce, “To, Baba.” Wannan “to” ɗin ita ce ta tsaya mini a wuya har na bar wurin.

Ga ƙannena da na bari a ramin, shawarata ba ta da yawa. Sanda in tana lilo, ku bi wasan daga hannu zuwa baya, gaɓa bayan gaɓa, mutum ɗaya na kaɗawa ɗaya na kallo, kafin kowa ya ambaci giyabos, ko da wanda ya ambata ɗin shi ke biyan ku. Tsohuwar Mercedes W123 ma haka take, robobin bakin ƙarafan da ke gefen giyabos ne ke zubewa. Motar da sandarta ke zaune kai tsaye a kan giyabos, ku duba kofin robar da ke ƙarƙashin ƙwallon sandar. Giyar da ke fita da kanta in an saki totur, a fara duba robobin da ke riƙe giyabos da shasi. Ku ɗauki hoton komai kafin ku kwance. Tsohon abin da kuka cire ku ajiye ku nuna wa mai mota da hannunku. In kun gano cuta, ku faɗa wa Oga a gefe, kada a gaban kwastoma, ba don ya fi ku gaskiya ba.

Na ji an ce motar na nan tana shiga giyoyinta huɗu da ribas ba gardama, Oga kuma har yau yana ba sababbin kwastomomi labarin yadda ya gyara mata giyabos.