Yadda na koyi tseren ƙananan motoci a kan garin koko da fulawa

A watan Janairun 1997 ina ɗan shekara goma sha ɗaya a Agadas lokacin da gasar Dakar ta tseren motoci a hamada ta iso garinmu, kuma a wannan shekarar daga birnin Dakar aka taso, aka zo Agadas aka juya, sannan aka koma inda aka fito. Wani ɗan Japan mai suna Kenjiro Shinozuka ne ya lashe gasar da Mitsubishi Pajero, amma mu yara ba mu san sunan kowa ba a lokacin. Abin da muka sani shi ne ƙura da rurin inji, da makanikai kwance ƙarƙashin motoci da fitilu har tsakar dare. Bayan sun wuce mun shafe watanni muna ƙera irinsu da gwangwanin madara da waya, muna yanka tayu daga tsofaffin silifa. Na ɗauka wannan sha'awa ta tafi tare da ƙuruciya, sai bayan fiye da shekara ashirin, ina aiki a wani gari kusa da Barselona a ƙasar Sifaniya, wani abokin aikina ya ja ni zuwa ƙungiyarsu wata ranar Asabar. Muka shiga wani tsohon sito, na tarar da dattawa masu furfura sun sunkuya a kan tebura, suna barbaɗa garin kokon da ake yin cakulan da shi a kan wata hanya mai duwatsu da gadoji, ga Pajero da ba ta fi tafin hannu ba tana hawa tudu tana tayar da ƙura.

Ga wanda bai taɓa gani ba, motar tana da ƙaramin injin lantarki, kuma hanyar da take bi tana da tsaga a tsakiya, da siraran layukan ƙarfe biyu a gefen tsagar waɗanda ke ɗauke da wuta mai ƙarfin volt 12 zuwa 15. A ƙarƙashin hancin motar akwai wani harshen roba da ke shiga tsagar, shi ne ke jan ta duk inda hanya ta karkata, kuma a gefensa akwai kitsattsiyar wayar tagulla guda biyu, waɗanda nake kira kitso, su ne ke shafar layukan ƙarfen suna kai wuta ga inji. Direba ba shi da sitiyari. Abin da ke hannunsa na'ura ce mai kunama irin ta bindiga, idan ya matsa mota ta ƙara gudu, idan ya saki ta taka birki. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne 1:32, wato motar da tsawonta ya kai mita huɗu takan dawo wajen santimita goma sha uku.

Asalin sunan da duniya ta fi sani a wannan wasa, wato Scalextric, daga Ingila yake, inda Fred Francis ya fito da shi a 1957. Kamfanin Exin ya fara yin sa a Sifaniya a 1962, kuma wasan ya samu gindin zama a can har ya zama mutane suna kiran kowace irin motar tsaga da wannan suna. A tsakiyar shekarun 1980, lokacin da gasar Dakar ke tashe, Exin ya fito da wasu ƙananan motocin daji masu jan ƙafa huɗu da ya kira STS, daga baya kuma kamfanin Ninco, wanda aka kafa a yankin Kataloniya na Sifaniya a 1993, ya yi jerin motocin hamada irin su Pajero da Volkswagen Touareg. A Ingila da Jamus an fi son tseren da'ira, inda motoci ke jerawa kafaɗa da kafaɗa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. 'Yan Sifaniya kuwa sun ƙware a tseren zango-zango, inda kowa ke shiga shi kaɗai ana auna masa lokaci, a ƙarshe a haɗa lokutan dukan zanguna, wanda nasa ya fi ƙanƙanta shi ya ci. Zangon da aka ce na ƙasa ne garin koko ake barbaɗa masa, na ƙanƙara kuma fulawa. Ba a sa yashi na gaske, domin zai cinye haƙoran giya ya shiga inji ya lalata shi.

Motata ta farko tsohuwar Pajero ce ta Ninco da na saya ta hannu. Ba irin ta 1997 ba ce, ƙirar baya ce, amma ban damu ba. Na jiƙa bodin a sinadarin goge fenti na kwana biyu, na goge shi da tsohon burushin haƙori, na bi shi da samfefa mai laushi, sannan na fesa masa kalar jar ƙasa irin ta hasumiyar masallacin Agadas. Daga nan ne na wuce gona da iri. Na ɗora mata tayu biyu na safaya a kan rufi, da jarkoki huɗu, da shebur, da faifan ƙarfen da ake shimfiɗa wa mota idan ta kafe a yashi, kusan duka na narkakken ƙarfe ne saboda sun fi kama da na gaske. Na cire injinta na sa wanda ya fi shi gudu, na ɗaure kowane noti tamau, na kuma zuba mai a duk inda na ga abu yana juyawa. Na kwashe kusan wata biyu ina wannan aiki da dare, da hantsaki da gilashin ƙara girma, har maiɗakina ta ce da ni, "Maigida, ko motar da za ta kai mu gida ce ai da yanzu an gama ta." Da na kai ta ƙungiya kowa ya yaba, aka yi ta ɗaukar hotonta, ni kuwa kaina ya kumbura.

Ranar gasata ta farko, alƙalan suka duba motoci kamar yadda aka saba, suka tabbatar babu maganaɗisu a ƙasan kowace, domin dokar ƙungiyar ta hana shi. Motocin da ake sayarwa a kanti suna zuwa da shi don ya manna su da layukan ƙarfe, kuma duk wanda ya saba da shi bai fara koyon tuƙi ba. Aka ɗora tawa a sikeli, ta haura giram 140, alhali yawancin na abokan karawata ba su yi nisa da giram 100 ba. Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gyaran agogo, wanda aka haɗa ni da shi ya zama mai mayar mini da mota cikin tsaga idan ta fita, ya dube ta ya dube ni, bai ce uffan ba. Aka ba ni alama na matsa kunama. A kwanar farko motar ta ɗaga ƙafafu biyu ta kife a kan rufinta, jarka ɗaya ta ɓalle ta gangara ƙarƙashin tebur. Dattijon ya mayar da ita, na sake matsawa, a gindin tudun farko tayu huɗu suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna watsa koko kamar kaza na tono. Da ta samu ta haye, sai ta mutu a tsakiyar gada ba gaira ba dalili, ya ɗan tura ta da yatsa ta farfaɗo, ta yi taku ɗaya ta sake mutuwa. A zango na uku wani ƙauri ya fara tashi daga inji. Na ƙare a na ƙarshe cikin mutum goma sha tara, kuma wanda ke gabana yaro ne ɗan shekara tara.

Bayan an watse dattijon ya zaunar da ni, ya ce, "Ɗan samari, ka ƙera abin ajiyewa a kabad, ka kawo shi fagen tsere." Ya buɗe motar a gabana. Man da na zuba ya haɗu da garin koko ya zama wani baƙin kwaɓi mai danƙo wanda ya toshe giya ya naɗe sandunan tayu, shi ya sa injin ya yi ta wahala har ya ɗau zafi. Kitson kuwa ya cushe ya taurare, ga koko ya lulluɓe shi, wuta ba ta wucewa sai jefi-jefi. Ya goge shi, ya tsefe bakinsa da allura har ya baje kamar tsintsiya, ya ɗan lanƙwasa shi ƙasa. Sannan ya ɗauki sukundireba ya sassauta notunan da ke riƙe bodi da shasi, kowanne da rabin juyi, har bodin ya fara 'yar rawa idan an taɓa shi. Ni da na taso ina ganin makanikai suna ɗaure noti da ƙarfin tsiya, wannan ya yi mini banbaraƙwai, sai da ya ɗora motar a hanya na gani da idona. Idan bodi yana ɗaure tamau, duk girgizar da taya ta kwasa sai ta bi motar gaba ɗaya ta ɗaga ta. Idan kuwa yana da sarari kaɗan, shasi yakan bi ƙasa shi kaɗai, nauyin bodin ya biyo baya a hankali, tayu su zauna a inda suke.

A cikin watannin da suka biyo baya na gane cewa kusan duk gyaran da ake yi wa motar daji a kan abu ɗaya yake, wato kada harshe ya bar tsaga, kada kitso ya bar ƙarfe, kada taya ta bar ƙasa. Shi ya sa a irin waɗannan motoci ba a kafe harshen a jikin shasi, ana ɗora shi ne a kan wani dogon hannu mai lilo, ta yadda idan ƙafafun gaba suka hau dutse hancin motar ya ɗaga sama, hannun zai sauka ya bar harshen a cikin tsaga. Na ɓata makonni a kan sifirin ɗin wannan hannu kaɗai, domin idan ya yi ƙarfi yakan ɗaga tayun gaba su daina ja, idan ya yi laushi kuma wuta ta riƙa yankewa a kan tudu. Haka ma siririyar robar da ke kai juyi daga ƙafafun baya zuwa na gaba: ta yi tsauri ta shaƙe inji, ta yi sako-sako ta riƙa zamewa. Na cire kayan rufin nan duka, na sake yin biyu daga cikinsu da siririn filastik mara nauyi, na maye kujeru da direbobi da wani faranti mai kaurin takarda, sannan na manna giram biyar na dalma a can ƙasan shasi. Na koma ga inji mai sanyin gudu, na canza giya daga haƙora 9 da 27 zuwa 8 da 28, abin da ya rage mata gudu a miƙaƙƙiyar hanya amma ya ƙara mata ƙarfin hawa da kamun birki. Mai kuwa yanzu da bakin allura nake ɗiga shi, ɗigo ɗaya a kowane wuri, a ranar koko ma har gogewa nake yi.

Gyaran yatsa ya fi gyaran mota wuya. Na fi shekara ina tuƙi kamar mai kunna fitila da kashe ta, ko dai na matse kunama gaba ɗaya ko na sake ta gaba ɗaya, alhali aikin duka a tsakiya yake. A kan koko ana rage gudu tun kafin a shiga kwana, a bar bayan motar ya ɗan zame, sannan a ƙara wuta sannu a hankali yayin da take miƙewa. Fita ɗaya daga tsaga tana cin daƙiƙa uku ko huɗu kafin a mayar da mota, kuma babu gudun da zai biya wannan asara a zangon da bai wuce minti ɗaya ba. Akwai kuma abin da ba ya hannun direba, domin wanda ya fara shiga zango shi ke share wa na baya hanya, kamar yadda yake a tseren manyan motoci, kuma fulawa a ranar damshi takan dunƙule ta zama wani abu dabam da wadda aka yi atisaye a kanta. A ganina masu kashe kuɗi a kan na'urar hannu mai maɓallai goma kafin su iya wannan suna sayen sirdi ne tun ba su da doki. Ni da tsohuwar na'ura mai sauƙi na fara shiga cikin goman farko, a shekarata ta biyu, kuma har yau matsayi na huɗu ne mafi girma da na taɓa samu.

Ban bar ƙira don tsere ba, raba su na yi. Motocin ado suna kabad da duk jarkokinsu, na tsere kuma na haƙura da ganinsu da ƙujewa da karyayyen madubi. Inda sha'awar ƙira ta fi samun fili yanzu shi ne ginin zango. Bara ƙungiya ta ba ni tebur mai tsawon mita huɗu, na sassaƙa tuddan yashi da farin soson da ake shirya firji a cikinsa, na shafe su da filasta, na gauraya koko da fulawa har kalar ta yi kusa da yashin da na sani, na sa wa zangon suna Tenere, sunan wata hamada ta ƙasarmu Nijar. A bakin kwana mafi tsanani na kafa wata 'yar bishiya ta waya, na kuma ba su labarinta: bishiyar ƙaya ce da ta tsaya ita kaɗai a wannan hamada, har wani direban babbar mota ya banke ta a 1973, aka kai gangar jikinta gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. Sun yi ta dariya suna mamakin yadda mutum zai rasa inda zai bi a faɗin hamada sai kan bishiya ɗaya tilo. Daga ranar da aka buɗe zangon zuwa yau sau uku ina sake liƙa tawa da dalma, kuma a karo na biyu dattijon nan mai gyaran agogo ne ya banke ta da Touareg ɗinsa.