Mutum Nawa Ne A Gabanka?

Aikin taya ɗalibai neman gurbi a jami'o'in waje ne ya koya mini karanta sakamakon jarrabawa da kyau. Mu nan JAMB muka saba da ita: jimlar maki 400, ka ci 250 ko 280, magana ta ƙare. Shi ya sa idan yaro ya kawo sakamakon SAT, jarrabawar da College Board ke shirya wa masu neman jami'o'in Amurka, mahaifinsa ya ga 75 a gefen makin, sai ya ɗauka ɗan nasa ya ci kashi 75 na tambayoyin. Alhali lambar nan, da ake kira fasentail, matsayi take nunawa. A cikin kowane mutum ɗari da aka auna shi da su, 75 makinsu bai wuce nasa ba. Kamar layin shan mai ne: ba ruwanta da girman tankinka, motoci nawa ne a bayanka kawai take faɗa.

To amma su wane ne a layin? Nan na fi daɗewa ina nazari. A Indiya, tun 2019 hukumar shirya jarrabawa ta ƙasar, NTA, ke gudanar da jarrabawar JEE Main, ta masu neman karatun injiniya. Ana rubuta ta rukuni-rukuni a ranaku daban-daban, kowane rukuni da nasa tambayoyin, kuma wasu takan fi wasu tsauri. Don kada wanda ya faɗa rana mai wuya ya cutu, ana auna kowa ne da 'yan rukuninsa. Wanda ya fi kowa a rukunin shi ke da fasentail 100, ko da bai cinye maki 300 ɗin ba. A ganina wannan adalci ne. Sai dai lambar na ruɗar mutum. Sama da mutum miliyan ɗaya ke zama jarrabawar a shekara, don haka mai 99, da za ka ce ya gama da kowa, akwai fiye da mutum 10,000 a gabansa. Shi ya sa NTA ke lissafa matsayin har lamba bakwai bayan ɗigo, saboda a can sama ɗan ƙanƙanin bambanci shi ke raba ɗaruruwan mutane.

Haka kuma tazarar ba ɗaya ba ce ko'ina. SAT daga 400 take zuwa 1600, kuma jama'a sun cunkushe ne a wajajen 1000 zuwa 1100. Ƙarin maki 50 a nan yakan tsallakar da ɗalibi mutane da yawa, amma daga 1500 zuwa 1550 da ƙyar matsayin ke motsawa. Kafin in ba yaro shawarar sake biyan daloli ya maimaita jarrabawar, wannan nake fara dubawa.

Jami'o'in Amurka da yawa kan wallafa makin ɗalibansu na fasentail na 25 da na 75. Yara na ganin na 25 ɗin sai su ɗauke shi makin yankewa irin wanda suka sani a gida, su fasa nema. Nakan ce musu su sake dubawa: kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka shiga da makin jarrabawa ba su wuce wannan lambar ba, kuma ga su can a aji.