Kafin Ka Shiga Jirgin Roba a Kogi Mai Gangara

A Katsina da Daura ba mu da kogin da ake wannan wasa. Ruwanmu na dam ne, irin su Zobe da Jibiya da Ajiwa da Sabke, sai gulabe da ke cika da damina su ƙafe da rani. Amma 'yan jiharmu da ke karatu ko kasuwanci a Yuganda sukan ji abokai sun ce a je Jinja, garin da ke kusan kilomita 80 daga Kampala, inda kogin Nilu ya baro tafkin Biktoriya. Can ake shiga jirgin roba mai iska, mutum shida zuwa takwas da jagora ɗaya, a bi ruwan da ke gangarowa ta kan duwatsu yana kumfa. Ana yin irinsa a kogin Zambezi, ƙasa da magangarar Biktoriya tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, da kuma kogin Tana a Sagana ta ƙasar Kenya.

Abin da ya fi cutar da sabon shiga shi ne yin abin da jikinsa ya saba yi a tudu ko a ruwa mai kwanciya. Wanda ya ƙware da iyo a dam ma bai tsira daga wannan ba, sau da yawa shi ne ya fi taurin kai idan ana bayani.

An kasa ƙarfin ruwa mataki shida. Na 1 da na 2 ƙananan igiyoyi ne. Na 3 yana jiƙa mutum sharkaf, kuma sai an yi tuƙi da gaske. Na 4 da na 5 manyan igiyoyi ne da ke iya kifar da jirgi, na 6 kuwa ba a kai masu yawon buɗe ido cikinsa. Wanda bai taɓa yi ba, mataki na 2 ko na 3 ya fi dacewa da shi. A Jinja da Zambezi akwai na 5, kuma kamfanoni suna ɗaukar sababbi, don haka tun wajen biyan kuɗi ka tambayi matakin da za a bi. Ka tambaya ko akwai masu ƙananan kwalekwale da ke bin tawaga don tsamo wanda ya faɗa, da ko za a iya kewaye wurin da ya fi ƙarfinka. Kamfanin da ya yi maka hanya-hanya a kan waɗannan tambayoyi, ka nemi wani. Mai ciwon zuciya ko farfaɗiya ko asma ya faɗa kafin ya sa hannu a takarda, mai juna biyu kuma ta haƙura.

Sai tufafi. Kaftani da jallabiya da dogon hijabi da zane ba su da wuri a nan, saboda duk yadi mai faɗi yana shan ruwa, yana naɗe ƙafa, yana maƙalewa a reshe ko igiya. Rigar ƙwallo mai dogon hannu da wandon motsa jiki da ya wuce gwiwa sun wadatar da namiji. Mace ta sa dogon wando da riga mai dogon hannu, da ɗan ƙaramin hijabi mai kama kai wanda zai shige ƙarƙashin hular kwano, ta cusa bakinsa cikin riga, ba allura ba fil. Auduga tana riƙe ruwa ta sa sanyi, yadin roba ya fi saurin bushewa. Silifa tun a gangarar farko ruwa ke tafiya da ita, a sa kambas ko sandal mai maɗauri a dunduniya. Waya, agogo, zobe, carbi da fasfo duk su zauna a mota. Mai tabarau ya ɗaure shi da zare.

Za a ba ka abu uku: rigar ruwa mai hana nutsewa, hular kwano da filafilin tuƙi. Rigar ruwa sai ta matse har ka ji ta dame ka. Ka sa wani ya kama ta daga kafaɗu ya ja sama, in ta haura har kunnuwa to ba ta ɗauru ba, kuma a cikin ruwa haka za ta taso ta rufe maka fuska. Tana sassautawa idan ta jiƙe, saboda haka a sake ja mata maɗauri bayan an shiga ruwa. Hula kada ta yi rawa a kai, maɗaurinta ya zauna ƙarƙashin haɓa.

Filafili yana da ɗan mariƙi a samansa. Tafin hannunka ya rufe wannan mariƙi ko da yaushe, ko kana dariya, ko kana faɗuwa. Yawancin fashewar leɓe da karyewar haƙori a jirgi daga nan suke, mutum ya saki mariƙin ya doki fuskar na kusa da shi. Zama kuma a kan gefen jirgi ake yi, wato kan bututun iska na waje, a cusa ƙafa ƙarƙashin bututun da ya gitta tsakiya. Sabon shiga yana ganin igiya ta taso sai ya daina tuƙi ya ƙanƙame jiki, alhali filafilin da ke cikin ruwa shi ke tokare shi. Jirgin ma ba ya juyuwa yadda jagora ke so sai gudunsa ya fi na ruwa. Umarnin da za a riƙa bayarwa kaɗan ne, galibi da Turanci: gaba, baya, tsaya, a durƙusa cikin jirgi a kama igiya, a koma gefe ɗaya. Na ƙarshen nan ana ba da shi ne idan jirgi ya hau dutse ta gefe, kowa ya yi maza ya koma ɓangaren da ya ɗaga don kada ruwa ya danne ɗayan ya kifar da shi. In ba ka gane wani umarni ba lokacin gwaji a ruwa mai kwanciya, ka ce a maimaita. A cikin rugugin ruwa babu mai lokacin fassara.

Faɗawa ruwa ba abin kunya ba ne, a mataki na 4 da na 5 ma abin da ake tsammani ne. In ka faɗa, kada ka yi ƙoƙarin miƙewa tsaye a ruwa mai gudu, ko da kana ganin bai wuce ƙugu ba. Ƙafa tana shiga tsakanin duwatsu biyu ta maƙale, ruwa ya tura gangar jiki gaba, fuska ta nutse, kuma ƙarfin mutum ba ya iya ɗago shi daga wannan hali. Ka kwanta rigingine, ƙafafu suna gaba ta inda ruwa ya nufa, yatsun ƙafa da hanci a sama, gwiwa a ɗan lanƙwashe don ka tokari dutse da tafin ƙafa. Numfashi ana jan sa ne a tsakanin igiya da igiya, a rufe baki idan ta gaba ta iso. Ba a miƙewa sai ruwa ya lafa kuma bai kai gwiwa ba.

In ka taso ka ji kanka yana dukan ƙasan jirgi, ka zaɓi gefe ɗaya ka yi ta turawa da hannu har ka fita, kada ka riƙa canja hanya. In jirgin na kusa, ka kama igiyar da ta kewaye shi, amma kada ka bari ka kasance tsakaninsa da dutse. In ya yi nisa za a jefo maka jaka mai igiya a ciki. Igiyar za ka kama, don in ka riƙe jakar sauran igiyar za ta ci gaba da warwarewa. Ka ɗora ta a kafaɗa kana rigingine, kuma ko kusa kada ka naɗa ta a hannu ko wuya. Itacen da ya faɗo cikin kogi kuwa tamkar rariya yake, ruwa ya wuce, mutum ya maƙale, don haka a yi iyo da ƙarfi a kauce masa tun daga nesa. Mai tsamo ɗan'uwansa ya kama kafaɗun rigar ruwansa ya faɗa da baya cikin jirgi. Ja ta hannu yana gurɗa kafaɗa.

Tafiyar yini guda takan cinye azahar har ta taɓa la'asar, kuma ba ko'ina jirgi ke iya tsayawa ba. Ka tambayi lokacin hutun abinci, ka kuma san hukuncin matafiyi wajen malaminka kafin ka bar gida. Ka faɗa wa kamfanin tun da wuri cewa abincin halal kake ci, don da yawa sukan rufe tafiya da gashin nama da giya. Rana tana ƙona cinya da bayan wuya ba tare da mutum ya ji ba saboda sanyin ruwa, a shafa man kariya a sha ruwan gora. Mai zuwa Zambezi ya san cewa bayan an gama sai ya hau gangaren kwazazzabo na fiye da mita 100 da ƙafa, kuma daga wajen Agusta zuwa Disamba, lokacin da ruwa ya ja baya, aka fi samun cikakkiyar tafiya. Shiga Yuganda yana buƙatar katin rigakafin cutar shawara.

Akwai tsargiya a ruwan Nilu da tafkin Biktoriya, kuma ƙwayarta ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. Takan ɗauki makonni kafin ta nuna alama. In ka dawo gida ka ji zazzaɓi ko ka ga jini a fitsari ko bayan gida, ka gaya wa likita kogin da ka shiga da ranar, a yi maka gwaji kafin a ɗora ka kan maganin maleriya.