Larabcin Zaure da Larabcin Titin Alƙahira

Lokacin da na bar Kano zuwa Masar domin karatu a Jami'ar Azhar, akwai abubuwa da yawa da nake fargaba, amma harshe ba ya cikinsu. Na shafe shekaru a zauren malaminmu ina karanta nahawu da sarfu, har ta kai idan aka kawo baiti mai wuyar i'irabi ni ake waiwaya a kalla, saboda haka na sauka a Alƙahira da tabbacin cewa duk wanda na tara da magana zai fahimce ni.

Kwana biyu da zuwana na fita sayen burodi. Na tsaya gaban wani dattijo, na yi masa cikakkiyar sallama, sannan na shirya jumlata da wasullanta daidai, na ce ina son "khubz". Ya dube ni na ɗan lokaci, ya ɗaga hannuwa sama ya ce "Sadaƙallahul azim", kamar wanda aka kammala wa karatun Alƙur'ani, mutanen da ke wurin kuwa suka fashe da dariya. Ba da mugunta suka yi ba, domin har ƙarin guda ɗaya ya yi mini, amma a ranar na koma ɗaki jikina a sanyaye. Daga baya na gane cewa Bamisire "esh" yake kiran burodi, kalmar da asalinta ke nufin rayuwa, kuma wanda ya ga yadda ake cin wannan gurasa safe da rana da dare ba zai yi mamakin sunan ba.

Abin da ya fi rikita ni shi ne yadda haruffan da na sani suke sauya kama a bakin mutanen birnin. Harafin jimun ya koma "ga", shi ya sa jami'a take zama "gam'a", ƙaf kuwa ɓacewa yake yi ɗungurungum, sai ka ji "ahwa" a maimakon "ƙahwa". A ƙaramar motar haya da nake shiga zuwa Madinat Nasr, inda yawancin tsangayoyin jami'ar suke, fasinjoji kan miƙa kuɗin mota daga hannu zuwa hannu har ya isa ga direba, canji kuma ya dawo ta wannan hanyar. Sau biyu ana wucewa da ni inda zan sauka, domin kafin in gama tsara roƙona cikin ladabi motar ta yi nisa, har wani yaro ɗan makaranta ya koya mini cewa kalmomi huɗu sun wadatar a ce wa direba ya tsaya a gefe: "Ala gamb ya usta."

A cikin aji ma ban tsira ba. Malami yakan fara darasi da Larabcin littafi tsantsa, amma da zarar bayani ya yi zafi, ko yana so ya kawo misalin da zai zauna a zuciya, sai ya koma harshen da ya tashi da shi, kamar yadda malamanmu na gida ke komawa Hausa. A daidai nan ne ɗaliban ƙasar suke gyaɗa kai, ni kuwa alƙalamina ya tsaya cak.

Wata Juma'a wani ɗalibi ɗan Maiduguri da ya riga ni zuwa ya kai ni tsohon masallacin Azhar, wanda Faɗimawa suka fara ginawa a shekarar 970. Shi ya ba ni labarin cewa a da ɗaliban kowace ƙasa suna da sashensu da ake kira ruwaƙi, kuma mutanen Barno ma suna da nasu. Na zauna a farfajiyar ina tunanin waɗanda suka ratso Sahara a kan raƙuma tun kafin dokar gyaran Azhar ta 1961 ta shigo da tsangayoyin likitanci da injiniyanci, na kuma tabbata cewa su ma sai da suka sayi abinci a kasuwa da harshen mutanen kasuwa.

A nan ne nake da saɓani da wasu 'yan'uwana ɗalibai, waɗanda suke ganin Larabcin titi gurɓatacce ne, bai kamata ɗalibin ilimi ya ɓata bakinsa da shi ba. Na san daɗin zama da na gida, musamman a sanyin Janairu, idan aka tuƙa tuwo aka kaɗa kukar da wani ya zo da ita a jaka, hira ta ɓarke da Hausa har tsakar dare. Sai dai na ga mutanen da suka yi shekara huɗu a haka, suka samu sakamako mai kyau, amma idan sun je sabunta takardar izinin zama sai sun nemi mai yi musu tafinta. Ni dai na zaɓi in riƙa zama wurin mai gadin gidanmu bayan la'asar, ina kiransa "ya ammu", wato baffa, yana gyara mini lafazi yana dariya, ina saya mana shayi.

Da na zo hutu bayan shekara biyu, na je gaida malaminmu a zaure. Na durƙusa da niyyar cewa "Allah ya gafarta malam", sai bakina ya riga ni da "Izzayyak ya maulana", wato "yaya kake, malam" a Larabcin titin Alƙahira. Ya sauke tabarau ya dube ni, sannan ya juya ga almajiransa ya ce su matso kusa, yau ɗan Masar zai yi musu i'irabin wannan kalma.